Kujerar Ofis Da Makomar Aikin Hannu A Ƙasar Nan

Da wuya a sami wata kalma da Bahaushen wannan zamani ya ɗora wa kaya kamar kalmar kujera. Idan ɗan siyasa ya fito takara sai a ce yana neman kujera, idan ya faɗi a ce kujera ta suɓuce masa. Maniyyaci kujerar Makka yake biya, ƙasashe biyar ɗin nan kuwa da ke juya Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya masu kujerar naƙi muke kiran su. A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, wannan yaɗuwar ma'ana ba ta ba ni mamaki, domin haka harshe yake yi da duk abin da jama'a suka ɗaukaka. Abin da ke damuna shi ne ita kujerar ta zahiri, wadda ake ɗosana mazaunai a kanta tun safe har la'asar, babu mai tambayar wa ya yi ta, da me aka yi ta, kuma shekara nawa za ta yi. Duk wanda ya saba shiga ma'aikatunmu da makarantunmu ya san lungun nan da ake jibge karyayyun kujeru, wata ƙafarta ta fita, wata fatar roba ta sale, wata kuma ƙarfen da ke ɗaga ta ya sace iska ta durƙushe. Kusan dukkansu an sayo su da tsada, kuma ba su daɗe ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ma'aikacin gwamnati shekara 35 yake yi kafin ya ajiye aiki. Idan muka ɗauka yana zaune awa 6 a kowace ranar aiki, kuma yana zuwa ofis kwana 230 a shekara, to ya yi awa 48,300 a kan kujera, wato sama da shekara biyar da rabi dare da rana ba tashi. Abin da mutum zai yi wannan daɗewa a kansa ya cancanci a yi masa tunani fiye da yadda ake yi wa motar da za a canza bayan shekara huɗu.

Kujerar ofis kamar yadda muka san ta ba tsohon abu ba ne ko a ƙasashen Turai. Ana danganta ɗaya daga cikin kujeru masu juyawa na farko ga Thomas Jefferson na Amurka, wanda aka ce a kanta ya rubuta takardar ayyana 'yancin ƙasarsa a 1776, kuma ta katako ce. Masanin halittu Charles Darwin na Ingila ya sa wa kujerarsa tayoyi a shekarun 1840 domin ya riƙa kewaya ɗakin nazarinsa ba tare da ya miƙe ba. A 1849 Thomas Warren ya ƙera wata mai juyawa da lilo a kan ƙarfe, aka baje ta a babban bikin baje-koli na Landan a 1851. A 1859 kuma Michael Thonet na birnin Biyana ya fito da kujerarsa mai lamba 14, wadda aka yi da guntayen katako shida da aka turara da tururi aka lanƙwasa. Ana iya zuba guda 36 a warwatse cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, a kai wata ƙasa a haɗa. Daga nan ne kujera ta zama kayan masana'anta.

Duk da haka aikin hannu bai mutu a can ba. Hans Wegner na ƙasar Danmak, ɗan mai gyaran takalmi ne da aka kai shi koyon kafinta yana ɗan shekara 14, ya kuma rasu a 2007 bayan ya zana kujeru sama da 500. A kan wadda ya zana a 1949 John Kennedy da Richard Nixon suka zauna a muhawararsu ta talabijin a 1960, kuma a 1955 ya fito da kujerar ofis mai juyawa wadda majinginarta sassaƙaƙƙen katako ne. Har yau ana yin waɗannan kujeru ana sayar da su da tsadar gaske. A Amurka, Sam Maloof, ɗan wasu baƙi da suka yi ƙaura daga Labanon, ya sami kyautar MacArthur a 1985 saboda kujerun da yake yi da hannunsa. Na kawo waɗannan misalai ne don mai karatu ya ga cewa a wurin mutanen da muke kwaikwayo, kafinta ba wanda boko ya gagara ba ne.

Mu a nan muna da sana'o'i biyu da ake yawan cakuɗa su. Akwai masassaƙi, akwai kafinta. Masassaƙi ragewa yake yi: ya sami gungume guda, ya sa gatari da gizago ya yi ta cire abin da ba ya so har turmi ko akushi ko kujerar tsakar gida ta fito. Ya san ƙirya ce ke jure dukan taɓarya, ya san aduwa ce ke yin allo mai santsi. Maƙwabtanmu Nufawan Bida sun kai wannan fasaha ƙololuwa, domin suna fitar da kujera mai ƙafafu takwas ko goma daga gungume ɗaya ba tare da haɗi ko guda ba. Shi kuwa kafinta haɗawa yake yi: ya yanka katako gunduwa-gunduwa sannan ya harhaɗa. Sunansa ma aro ne daga Ingilishi, haka tebur da benci da kabad da durowa da kushin. Wannan ya nuna sana'ar ta yaɗu ne tare da zuwan Turawa, lokacin da ofisoshin En'e da makarantun boko suka buƙaci abin zama mai tsawo, alhali malamanmu da alƙalanmu na dā a kan buzu da tabarma suke aikinsu. Kujerar ofis ta ƙwarai tana buƙatar sana'o'in nan biyu a tare, idon masassaƙi da ma'aunin kafinta.

Shekarun baya na sa wani dattijon kafinta ya yi mini kujerar aiki, na kuma roƙe shi ya bar ni in riƙa zama a rumfarsa ina kallo ina tambaya. Abin da zan faɗa a nan ya haɗa da abin da na gani a wurinsa da wanda na karanta.

Aiki yana farawa ne daga zaɓen katako. Maɗaci, wanda Turawan mulki suka jera a bakin titunan unguwanninsu, yana da ja mai kyau kuma yana karɓar shafe, sai dai zarensa a harɗe yake, idan kaifin abin gogewa ya dakushe sai ya riƙa yagewa. Kawo ya fi shi nauyi da tauri, ba ya yawan motsi idan yanayi ya canza, gara kuma ba ta cika damunsa ba. Loko da ake kawowa daga kudu shi ma yana jure gara, amma ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi. Malaina tana da araha da rashin nauyi, ta dace da silin da ƙananan kaya, amma ba ta da ƙarfin da za a dogara da ita a ƙafar kujerar da babban mutum zai jingina da ita shekara da shekaru. A kowane irin itace kuma, farin gefen nan na kusa da ɓawo shi ƙwari suka fi ci, don haka mai aikin kirki yakan yanke shi ya yar, ko da kuwa zai yi asarar wani ɓangare na abin da ya saya.

Bayan zaɓe sai busarwa, kuma a nan ne yawancin kayan katakonmu ke samun cutar da ke kashe su. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi muddin yana nan. Idan danshin iska ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, kamar yadda yakan yi a Kano ko Sakkwato da hunturu, ruwan da ke cikin katako yakan koma kashi 4 zuwa 5. Idan damina ta kankama danshi ya kai kashi 80, sai ya hau zuwa wajen kashi 16. Katako ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a lura da shi, a faɗi yake tsukewa yana kumbura, ta yadda falle mai faɗin inci 18 zai iya motsawa da milimita da yawa tsakanin Agusta da Janairu. To ka ɗauki katakon da aka yanka a dajin Edo ko Ondo, aka ɗoro shi a tirela yana ɗanye, aka sauke a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, washegari kafinta ya saya ya buga kujera. Kafin iskar hunturu ta wuce ta tsage ko ta gurɗe. Dattijon nan sai da ya jera katakon a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, ya bar shi ya sha hunturu guda kafin ya sa masa zarto. Na yi ƙorafin jinkiri, ya ce mini gaggawa aikin shaiɗan ce.

Sai awo. Tela ba ya ɗinka riga sai ya auna mai ita, amma kujera sai a saya wa dogo da gajere iri ɗaya. Tsayin mazauni daga ƙasa yakan kama inci 17 zuwa 18 idan tebur yana da inci 29 ko 30, ma'aunin gaskiya dai shi ne tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa, cinya kuma ta miƙe ba tare da bakin kujera ya danne ta ba. Zurfin mazauni inci 16 zuwa 17 ne, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakinsa da bayan gwiwa domin jini ya gudana. Madafar hannu takan ɗara mazauni da inci 8 zuwa 9, idan ta wuce haka kafaɗu su ɗage, wuya ya ƙage. Majingina ba a tsayar da ita cak, ana ɗan kwantar da ita zuwa digiri 100 ko 105, a kuma yi mata tudu daidai inda ƙashin baya ya lotsa a saman ƙugu. Ga mu masu babbar riga akwai ƙarin abin lura, wato a buɗa tsakanin madafan hannu, a kuma goge duk wani kaifi da zai kama aljihu ko hannun riga. Babu wata masana'anta a ƙetare da za ta yi wannan tunani dominmu.

Daga nan sai haɗi, wanda shi ne zuciyar aikin. Idan mutum ya jingina ya ɗaga ƙafafun gaba, kusan dukkan nauyinsa yana taruwa ne a inda sandar gefe ta haɗu da ƙafar baya. Ƙusa ba ta iya riƙe wannan wuri, domin kullum aka jijjiga ta ramin da take ciki yana ƙara faɗi, idan katakon ya tsuke kuma sai ta yi sako-sako. Hanyar da magabata a wannan sana'a suka bi tun zamanin Misirawan dā ita ce a huda rami mai kusurwa huɗu a jikin ƙafar, a fere bakin sandar ya zama harshe mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na sandar, a shafa gam a tura shi ciki. Dole ya shiga da ɗan bugun guduma ta katako, kada ya faɗa da kansa, kada kuma ya matse har ƙafar ta tsage. Wasu sukan ƙara huda ta gefe su soka tsinken katako mai tauri ya ratsa harshen, ta yadda ko gam ya saki haɗin ba zai fita ba. Kujera guda tana iya ɗaukar irin wannan haɗi goma sha biyu ko fiye, kuma da yake ƙafafun baya a karkace suke, yawancinsu ba a miƙe ake yanka su ba. Wannan ne ya sa kafintoci a ko'ina suke ɗaukar kujera a matsayin jarrabawar ƙarshe, domin wanda ya iya tebur da kabad ba lalle ne ya iya ta ba.

Lanƙwasar majingina hanya uku ake bi. Ana iya yanko ta daga katako mai kauri, amma inda zaren itacen ya gajarta nan za ta karye. Ana iya turara sandar da tururi a ɗaure ta a jikin wani abu mai siffar da ake so har ta bushe, kuma wannan ya fi yiwuwa idan ba ta gama bushewa ba, daidai da karin maganarmu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana kuma iya yanka siraran falle a shafa musu gam a matse su tare a kan lanƙwasar. Shi mazauni idan na katako ne zalla, ana ƙwaƙule shi ya yi ɗan kwari daidai zaman mutum, kuma a nan gizagon masassaƙi ya fi kowane inji. Idan kuwa za a sa fata, ga majema da dukawa a Kano da Sakkwato, waɗanda fatarsu ta ratsa Sahara ta shiga Turai ɗaruruwan shekaru da sunan fatar Maroko. Wanda yake son mai juyawa sai a yi mata ƙafafu biyar, domin mai huɗu ta fi saurin kifewa idan aka karkata, ƙarfen tsakiya kuma masu walda da injin gyaran ƙarfe irin na Panteka a Kaduna za su iya yin sa. A ƙarshe a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a shafa mai ko siririn fanish sau uku ko huɗu ana gogewa a tsakani. Fenti mai kauri da ƙyalli sau da yawa ɓoye aibi yake yi.

Mai karatu zai ce wannan duk ya yi tsada, kuma gaskiya ne kuɗin farko ya fi na wasu kujerun kasuwa. Amma araha ba ta ado. Kujerar garin katako da roba idan ta karye sai bola, wadda aka yi da haɗin kirki kuwa ko bayan shekara talatin ana iya kwance ta a sake mata gam, a canza fata, ta koma aiki. Idan aka raba kuɗin da yawan shekarun amfani, lissafin yakan juye.

Akwai wani abin takaici da ya wuce batun kuɗi. Daga wajen 2013 zuwa 2017 an yi wa itacen madobiya yankan ƙare-dangi a jihohi irin su Taraba da Adamawa da Kogi, ana loda gungumensa a kwantena zuwa ƙasar Sin. Ɓarnar ta kai ga taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannasbag a 2016 ya sanya shi cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 aka ƙara da kawo da maɗaci. Abin da ake yi da madobiyar tamu a can shi ne kujeru da tebura na alfarma a kan salon daulolinsu na dā, masu haɗin harshe da rami. Wato mun sayar da itacen da ya yi shekaru masu yawa yana girma a kan kuɗi kaɗan, mun juya mun sayo kujerar da ba za ta ga ƙarshen wa'adin gwamna guda ba. Da a gida aka sarrafa kaɗan daga cikinsa, da gungume ɗaya ya ciyar da mai zarto da kafinta da baduku da maƙeri, da kuma ba a buƙaci sare daji gaba ɗaya ba.

Gwamnatoci sun sha taɓa wannan batu ta fuskar doka. An hana shigo da kayan ɗaki a 2004, aka ɗage hanin a 2010. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa su cikin kayayyaki 41 da ya daina bai wa masu shigo da su kuɗin waje, aka janye wannan a 2023. A 2017 an sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce hukumomin tarayya su fifita kayan gida wajen saye. A ganina dalilin da ya sa waɗannan matakai ba su kai mu inda ake so ba shi ne, rufe iyaka ba ya koya wa kowa fere harshen katako. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an yi shi ne domin yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, amma mu da muka yi makaranta a bayansa mun san makarantun da injinan koyarwa suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu malami. Muna da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna tun 1977 da Asusun Horar da Ma'aikata tun 1971, don haka ba hukumomi muka rasa ba. Daraja ce muka hana sana'ar, har uba yake ganin kai ɗansa rumfar kafinta alamar gazawa ce, alhali ya inganta a hadisi cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne.

Ta ɓangaren da na fi sani, wato harshe, akwai aikin da ke jiran mu. J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa tun 1916, ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin masassaƙa da dama, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Amma kalmomin da kafintoci ke amfani da su a rumfa, da yadda suke kiran kowane haɗi da kowane aibin katako, yawancinsu a baka suke, kuma suna tafiya tare da dattawan da suka san su. Yaron da ke koyon aiki ba zai sami ɗan littafi da Hausa da zai bayyana masa dalilin tsagewar katako da hunturu ba. Ilimin da ba shi da suna a harshen mai koyo yana da wuyar zama a kansa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai rumfunan kafintoci da masassaƙa su naɗo waɗannan kalmomi, a haɗa kai da kwalejojin fasaha a fitar da littafin koyarwa mai zane.

Sauran aikin yana hannun masu karanta wannan shafi, domin mu ne daraktoci da shugabannin sassa da manajoji da ke sa hannu a takardar sayen kaya. Idan za a sayi kujeru ɗari, a ware ashirin a bai wa kafintan gida, a rubuta masa sharaɗi a fili: busasshen katako, haɗin harshe da rami, da alkawarin gyara na shekaru. A ba shi lokacin da aikin ke buƙata, a kuma biya shi a kan kari, kada a sa shi zarya wata shida. Kasuwannin katako su haɗa kuɗi su gina rumbunan busarwa masu aiki da zafin rana, abin da ba mu rasa ba. Duk wanda ya sare maɗaci ko kawo a tilasta masa dasa wasu. Su ma kafintocin sai sun daina ha'incin cusa garin katako da gam a rami su lulluɓe da fenti, domin wannan hali ne ya kori masu saye zuwa kantunan kayan waje. Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar kujerun da aka ɗora mu a kai.